Tif Ɗin da Kaka Gimba Bai Gwada Ba

Habu da Ummi, saboda ku nake wannan rubutu, don haka duk wanda ya yage min takarda ya yi jirgi da ita, ni da shi ne. Jiya da yamma na ji Habu a ƙofar gida yana rantse wa abokansa cewa likitocin Abuja sun cusa wa Kaka Gimba tif ɗin tirela a ƙirji, wai sai da aka ɗauko injin iska daga tashar manyan motoci aka jona masa, kuma duk lokacin da ya yi tari sai fitilun asibitin su ɗauke su dawo. Na san inda ya samo labarin, domin a bakina aka ƙera shi. Yanzu shekarata goma sha bakwai, wato tsufa ya zo, har gwiwata ta fara ƙara idan na tashi daga tabarma. Gara in ajiye muku gaskiyar a rubuce tun ina da sauran ƙarfi. Ummi idan kin iya karatu sai ki karanta.

Ba ku san rumfar Kaka yadda na san ta ba. Lokacin Habu yana yawo ba wando, Ummi kuwa tana goye a bayan Mama. Rumfar facin tana bakin babban titin da ya taho daga Kano ya nufi Maiduguri, ƙarƙashin wata bishiyar maina da ta girmi kowa a unguwar. Tayoyi jibge kamar ganuwa, injin iska yana tari kamar tsohon mashayin taba, warin roba da gam ya cika wurin, direbobi kuma suna kwance a benci suna gardama da Hausa iri biyar, ta Ngizim daban, ta Bolewa daban, ta Barebari daban. Oga Emeka mai kayan gyaran mota yakan tsallako titi ya shiga gardamar, kuma Hausarsa ta fi ta rabinsu miƙewa. Amma sarkin wurin shi ne wani rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin, wanda nake kyautata zaton tun da aka shimfiɗa titin ba a sauya shi ba. Dokar Kaka guda ce: tif ba ya shiga taya sai an hura shi an danna shi a ruwan nan, yanki yanki, a ga ko kumfa za ta taso. Tsoho ne ko sabo fil daga leda, duk ɗaya ne a wurinsa. Direba na iya yin tsalle, ya ce shanun da ya ɗauko za su mutu da ƙishi, Kaka ba zai ko ɗaga kai ba.

Da idonsa ya fara yin hazo, ni na zama idonsa. Tun ina 'yar shekara tara, ina tasowa daga Islamiyya sai rumfa. Shi yana danna tif a ruwa, ni ina tsugune da alli a hannu, inda na ga kumfa sai in yi da'ira. Aikin yana da daɗi na kwana uku, daga nan ya fara gundurata. Wata rana na tsinci wata siririyar robar man babur, na zura baki ɗaya a duro, ɗayan kuma na ɓoye shi ƙarƙashin hijabina. Wani direban shanu daga Fika ya kawo lafiyayyen tif, Kaka ya danna, ni na hura. Ya yi faci. Ya sake dannawa, na sake hurawa. Sai da tif ɗin bawan Allah ya sha faci uku, yana tsaye yana salati yana cewa jiya jiya ya saye shi. A na huɗu dariya ta ƙwace min, maimakon in hura sai na zuƙa. Ku yarda da ni, na ɗanɗani duk tayar da ta taɓa bi ta Potiskum. Na zaci zan sha duka. Kaka ya jira na gama tari, ya ba direban haƙuri da sabon tif, sannan ya zaunar da ni a kan taya.

"Hauwa," ya ce, "ƙaryarki ki yi ta yi a gida da waje, tana sa ni dariya. Amma a bakin duron nan, abin da idonki ya gani shi bakinki zai faɗa, ko da direba yana sauri, ko da ni ne nake sauri. Akwai rayuka a kan tayar nan."

Ban sake ba. A makaranta na ci gaba da ganin kada a rijiya da aljani a ofishin shugaba, amma a bakin duro sai abin da na gani.

Shekarar da na cika sha huɗu, da damina, ana dogon hutu, Kaka ya fara tsayawa a tsakiyar aiki yana dafe ƙirji. Ya ce gyambon ciki ne. Iya, matarsa, ta ce yawan yaji ne. Aka yi ta dama masa kunu har wata rana bayan azahar ya sulale a gefen duro, ƙarfen cire taya yana hannunsa. Daga asibitin gari aka tura mu Kano, daga Kano aka ce sai Abuja, inda Kawu Bukar, ƙanen Mama, yake aiki. Yadda manya suka yi suka shirya tafiyar labarinsu ne, ba nawa ba. Iya ba ta iya doguwar mota saboda gwiwa, Mama tana da goyo, sai Kaka ya ce a saka masa idonsa a mota. Haka na tafi Abuja da silifas ɗin wanka, don a gigice na fito.

Ɗakin da aka kwantar da shi yana da sanyin da ya sa haƙorana suka yi ta hira da juna. Kaka ya yi ƙanƙanta a kan gado, leɓɓansa sun yi toka toka, numfashi kuma sai ya yi kokawa da shi. Ban taɓa ganin hannunsa ba baƙin mai ba sai a nan, har na ji kamar na wani ne aka ara masa. Likitar zuciyar wata doguwar mata ce, Dakta Ladi, tashin Jos, mai magana a nitse kamar ba ta taɓa sauri ba a rayuwarta. Ta jawo kujera ta zauna daidai kansa.

"Baba, zuciyarka ta gaji," ta ce. "Hanyoyin da ke kai mata jini sun toshe, kuma aiki za mu yi mu buɗe mata sababbi. Amma a yadda take yau ba za ta jure aikin ba. Muna so mu ba ta mai taimako na kwana uku ko huɗu, ta huta tukuna."

"Wane irin mai taimako, 'yata?"

"Balan-balan."

Na tuntsire da dariya ni kaɗai. Kawu ya harare ni har na ji zafin hararar a ƙeyata. Dakta Ladi ba ta damu ba, ta ɗauko takarda ta zana masa. Ta ce siriri ne, tsawonsa bai kai daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba, kuma a naɗe yake kamar tsinke. Ta jijiyar jinin saman cinya za a zura shi, a tura shi sama har ya zauna a cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ba cikin zuciyar kanta ba. Wani inji a gefen gado zai riƙa bin bugun zuciyar. Idan ta buga ta saki, a ɗan hutun nan sai injin ya hura balan-balan ɗin da wata iska mara nauyi, shi kuma ya tura jini zuwa hanyoyin da ke ciyar da zuciyar. Kafin ta sake bugawa sai ya sace, ya bar mata fili, ta tura jini ba tare da wahala ba. Haka za a yi ta yi, bugu bayan bugu. Kawu mai takardun digiri yana ta cewa ta sake bayani, amma Kaka tuni ya gane.

"Wato mota ce ta kasa hawa tudu, aka samu mai turi daga baya."

"Haka ne, Baba."

"Kuma abin da ke turin tif ne."

"Kusan haka."

"To an gwada shi a ruwa?"

Dakta ta dube ni, ta dubi Kawu. Kawu ya rufe fuska da tafin hannu.

"Baba, don Allah," ya ce. "Kayan waje ne, a rufe cikin leda suke zuwa."

"Bukar, nawa na ciro daga leda da huji? Shekara arba'in ban sa tif a tayar ɗan wani ban gwada ba. Yau a ƙirjina za a sa, ka ce in rufe ido?"

Maganar nan kaɗai ta cinye masa numfashi, sai da aka gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Kawu ya roƙa, ya yi faɗa, ya kira Iya a waya ita ma ta yi nata faɗan har ana jin muryarta a gado na uku. Kaka ya ce ba zai sa hannu ba. Dakta Ladi ta tashi ta fita, na ce shi ke nan, ta yi fushi za ta kore mu. Jim kaɗan sai ga ta da wata roba cike da ruwa, da ƙaton sirinji, da wani balan-balan da suke koya wa ɗalibai da shi. Aka ɗan ɗaga wa Kaka kai, aka ɗora robar a kan teburin cin abinci. Ta hura shi da sirinji, ya kumbura, kaurinsa bai wuce na babban yatsan Kaka ba. Kaka ya kama abin nan ya danna a ruwa. Yanki yanki ya bi shi, kamar dai muna ƙarƙashin maina.

"Hauwa, duba."

"Babu kumfa, Kaka."

"Nan fa, wajen haɗin?"

"Babu."

Ya shafa shi da yatsa ya jinjina kai, ya ce wanda ya yi aikin nan ya san roba. Kawu ya yi ajiyar zuciya ya miƙo biro.

"Shi za ku sa min?" in ji Kaka.

"A'a, Baba. Wannan ya sha hannu. Naka ba a buɗe shi sai lokacin sawa, saboda ƙwayoyin cuta."

"To ai ba mu gwada komai ba."

Na ga Kawu ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna motsi, kuma ba dariya yake ba. A nan ne na fara jin tsoro na gaske. Dakta ta matso ta ce injin da kansa yana lura da iskar da ya hura da wadda ta dawo, ko kaɗan ta ɓace zai yi kuka. Ta ce kuma akwai wata farar robar da iskar ke bi daga inji zuwa cinya, idan balan-balan ya huje za a ga ɗigo-ɗigon jini a cikinta kamar tsatsa. 

"Inji ba ya jin kunya idan ya yi kuskure," in ji Kaka. "Mutum nake so. Wannan za ta zauna ta duba min robar."

"Hauwa?" in ji Kawu. "Hauwar da ta ga kada a rijiyar makaranta?"

"A bakin duro ba ta ƙarya."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Dakta Ladi ta ce doka ba ta yarda yara su zauna a ɗakin ba, amma za ta nemo min izini da rana, in dai zan wanke hannu, in sa rigar da za a ba ni, kuma ba zan taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Kaka ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami. Ba a jima ba aka zura masa balan-balan ɗin.

Kwana biyun farko har yau ina tuna su da daɗi, ko da yake asibiti ne. Injin yana tsaye a ƙarshen gado, girmansa kamar ƙaramin firji, yana wata ƙara mai taushi, fuf-tak, fuf-tak, daidai da zuciyar Kaka. Na zauna a kujera cikin koriyar rigar da za ta ɗauki mutum uku irina, idona a kan farar roba. Kafin magariba ta ranar farko leɓɓansa sun dawo da launinsu, washegari har ya nemi kunun gyaɗa ya kushe shi. Wahalarsa guda ce: ƙafar dama, wadda aka bi ta cinyarta, ba a yarda ya lanƙwasa ta ba ko kaɗan, kuma ba a yarda ya tashi zaune ba. Salla sai a kwance da ishara. Nas ɗin da ke kula da shi, Sista Rifkatu, gajeriya mai ƙarfin hannu, ta ɗaure masa gwiwa da zanen gado don kada ya manta, ya ce ko raƙumi ba a yi wa haka. Kowace awa sai ta zo ta taɓa bayan ƙafarsa ta ji bugun jini, har ta yi alama da biro a daidai wurin. Wannan ya burge Kaka, ya ce ga wadda ta san amfanin alli. Ni kuwa duk bayan ɗan lokaci sai ya buɗe ido ɗaya.

"Akwai kumfa?"

"Babu, Kaka."

"Ki sake dubawa, kin cika kallon likitocin nan samari."

Rana ta uku na shigo da safe na tarar Sista Rifkatu ta daɗe riƙe da ƙafarsa. Ta ce bugun ya ɗan yi rauni, ta tambaye shi ko yana jin ciwo ko ƙafar ta yi masa nauyi. Ya ce lafiya lau, ko ƙwallo zai iya bugawa. Ta ce za ta dawo ba da daɗewa ba, aka kira ta wani gado. Na duba roba, tas take. Amma na lura carbinsa yana gudu fiye da kullum, ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyi. Na je gyara masa bargo sai hannuna ya taɓa ƙafar. Sanyi ƙalau, kamar ledar ruwa daga firji, yatsun sun yi fari fari. Na taɓa ta hagu, da ɗuminta.

"Rufe," ya ce a hankali. "Roba aka sa ki dubawa, ba ƙafa ba."

"Kaka, tun yaushe?"

"Tun asuba. Matso nan."

Na matsa. Ya kama wuyan hannuna, ƙarfin nan nasa na mai cire taya yana nan.

"Na ji likita tana faɗa wa Bukar, idan jini ya daina zuwa ƙafa, cire abin za su yi. Gobe ne aikin. Kwana ɗaya tak ya rage. Idan suka cire mai turin nan yau, motar za ta koma da baya. Ƙafa biyu gare ni, Hauwa, zuciya ɗaya. Duk ƙaryar da kika yi a duniya ta banza ce. Yau ki yi min guda ɗaya mai amfani. Ba sai kin yi magana ba ma, shiru kawai za ki yi."

Ku sani, ni ba a taɓa roƙona in yi ƙarya ba, kyauta nake rabawa. Kuma lissafinsa ya zauna min a kai. Idan na faɗa aka cire, zuciyar ta tsaya, ni na kashe shi, kuma ni zan koma gida in dubi Iya. Idan na yi shiru, ban san abin da zai faru ba, shi ma bai sani ba, zato yake. Injin yana ta fuf-tak, ni ina kallon alamar biron da ke bayan ƙafarsa, kuma abin da kawai nake gani shi ne da'irar alli a jikin tif. Sista Rifkatu ta dawo tana goge hannu.

"Baba, yaya ƙafar?"

"Alhamdu lillahi, 'yata."

Ta juyo ta dube ni, ban san dalili ba.  Kaka ya matse min hannu.

"Sista," na ce, "tun asuba take masa ciwo. Ya ce kar in faɗa."

Ya sake ni, ya juya fuskarsa bango.

Daga nan komai ya zama sauri. Dakta Ladi ta zo da wata 'yar na'urar sauraron jini ta ɗora a ƙafar, ta daɗe tana nema. Ta ce dole a cire balan-balan ɗin yanzu, kuma ba za a iya mayar da shi ta ɗaya cinyar ba don jijiyarta ta fi ƙunci. Saboda haka aikin gobe ya dawo yau da rana, da iya hutun da zuciyar ta samu. Kawu ya tambaye ta ko hutun ya isa. Ta ce ta so a ce an ƙara kwana, amma ba za ta bar ƙafar ta mutu a jikinsa ba, domin idan ta mutu ba ita kaɗai za ta tafi ba. Da aka turo gadonsa ta gabana na ce, "Kaka, Allah ya sa a fito lafiya." Ya amsa wa mai turin gadon gaisuwa, ni bai ko dube ni ba.

Muka zauna a benci ni da Kawu tun daga azahar har rana ta yi ja. Ya sayo min shinkafa da kaza, na kasa ci, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidanmu kuma bai sake faruwa ba. Bai ce min na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba. Can dai ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe tsaye. Gab da magariba Dakta Ladi ta fito, hularta a hannu, ta ce zuciyar ta ɗauka, tana bugawa da kanta. Kawu ya yi sujada a kan tayil. Ni kuwa na ɗauko shinkafar nan da ta huce na cinye ta tas ina kuka.

An ceci ƙafar, amma ƙananan yatsu biyu ba su dawo ba, daga baya sai da aka cire su. Kuma Kaka ya daina min magana. Yana hira da Sista Rifkatu, yana hira da mai shara, har injin da aka mayar gefe sai da ya yi wa sallama, amma ni sai dai ya ce, "Bukar, ka ce wa waccan ta miƙo min ruwa," alhali ina tsaye da kofin a hannu. Kwana goma sha tara muka yi a haka. Ranar sallama Dakta Ladi ta ba shi balan-balan ɗin nan da ya gwada a ruwa, ta ce ya ajiye. Ya tambaye ta ko wanda aka ciro daga jikinsa yana da huji. Ta ce ko ɗaya. Ya ce to Allah ne ya kiyaye, amma dai ba a gwada ba. Duk doguwar hanyar nan har Potiskum kansa yana jingine a kafaɗata yana barci, idan ya farka sai ya janye kamar kuskure ne.

Washegarin dawowarmu ƙofar gida ta cika. Direbobi, maƙwabta, 'yan napep, mutanen Yindiski dangin Iya, da Oga Emeka ɗauke da kwalin lemo. Kaka yana kishingiɗe a tabarma, ƙafa a naɗe da bandeji. Ya gaji da amsa gaisuwa, sai jama'a suka juyo kaina, don kowa ya san inda ake samun labari. Direban nan na Fika mai faci uku ma yana wurin.

"Hauwa, ba mu mu sha," ya ce. "Me aka sa wa tsohon nan?"

Ni kuwa ƙarya ta fita daga raina gaba ɗaya. Na ce wani ɗan siririn balan-balan ne, kaurinsa kamar yatsa, aka zura ta cinya, ya yi kwana biyu da 'yan awoyi yana taya zuciya aiki. Na ga fuskoki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Oga Emeka ya ce, "Shi ke nan? Don wannan aka je har Abuja?" Sai na ji murya daga tabarma.

"Ke, Hauwa."

Na juya. Ni yake kallo, ido cikin ido.

"Nan bakin duro ne?"

"A'a, Kaka."

"To wa ya ce ki rage min tif a gaban jama'a? Ki faɗa musu yadda ya dace da mutum irina."

Na goge ido da gefen hijabi, na gyara tsayuwa, na ce wallahi ɗazu kunya nake ji, amma gaskiyar magana tif ɗin tirela ne, mai taya goma sha takwas, kuma likita shida ne suka hau kansa da gwiwa kafin ya shiga. Wuri ya kaure da dariya. Na kawo injin iska daga tasha, na sa Sista Rifkatu tana ja masa igiya. Maganar fitilun asibiti kuwa ba tawa ba ce, Habu. Kaka ne ya ƙara ta da bakinsa, yana dafe ɗinkin ƙirjinsa don kada dariya ta ɓalle shi.

Bai sake cire tayar tirela ba. Rumfar ta koma hannun wani, wanda na ji an ce ba ya gwada sabon tif, kuma ban taɓa faɗa wa Kaka ba. Bai taɓa ce min na yi daidai ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne wata Juma'a ina sa masa takalmi, ya daɗe yana kallon ƙafar, ya ce takwas ma sun isa kai mutum masallaci. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana takawa da ita, da sandarsa, sau biyar a rana, yana tsayawa a hanya ya taɓa tayar duk motar da ya gani a ajiye ya gaya wa mai ita cewa iskarta ta yi ƙasa. Sauran kun sani, kuna gida ranar da ya rasu bara bayan la'asar, a kan tabarmar nan dai. Allah ya jiƙansa.

Balan-balan ɗin yana cikin akwatin Iya, ƙarƙashin zannuwanta na biki, naɗe cikin wani tsohon rawani. Idan kun roƙe ta a ranar da gwiwarta ba ta ciwo za ta nuna muku, ku ga ƙanƙantarsa da idonku. Habu, ka ci gaba da ba abokanka na tirelar, shi ya fi so, kuma kada ka rage ko taya ɗaya. Amma wannan takardar a bakin duro na rubuta ta.